Hatimin Gaskiya a kan Labarin Ƙarya: Zambar Inshora a Ƙasashen Waje da Yadda Ake Bin Sawunta

Laccar da aka gabatar a taron Ƙungiyar Ɗalibai



Ina godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba ni wannan dama. Batun da aka ɗora mini shi ne zambar da ake yi wa kamfanonin inshora ta hanyar mutuwar ƙarya ko jiyyar ƙarya a ƙasashen waje, da kuma yadda ake bincikenta. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗalibi da rigimar kamfanonin Landan da Amurka? To, ruwansa da yawa. Yawancinku nan gaba kaɗan za ku riƙe alƙalami da hatimi a ma'aikatun gwamnati, da asibitoci, da kotuna, da ofisoshin jakadanci. Waɗansunku kuma za su ƙetare teku neman ilmi ko zuwa kwas. Abin da nake so in nuna muku a yau shi ne, wannan zamba duk a kan takarda take tafiya, kuma takardar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda hatiminta na gaske ne, amma labarin da ke cikinta ƙarya ne.

Bari mu fara daga tushe. Inshora, a taƙaice, tana da kama da adashi, sai dai ita ba a bin layi wajen ɗauka. Mutane da yawa ne suke zuba kuɗi kaɗan kaɗan cikin asusu guda, da sharaɗin duk wanda wata masifa ta auka wa, a ɗebo daga ciki a rufa masa asiri, ko a rufa wa iyalinsa. Kamfani shi ne uwar adashin. Tun da yake kamfanin ba ya tare da kai a lokacin da ka kwanta ciwo, ba ya kuma wurin da aka sa ka a kabari, dole ne ya dogara da abin da aka gaya masa. Wannan ya sa tun shekarar 1766 wani babban alƙalin Ingila, Lord Mansfield, ya kafa ƙa'idar cewa cinikin inshora ciniki ne na amana, ba a yarda wani ya ɓoye abin da ya sani don ya cuci abokin cinikinsa ba. Shari'ar da ya yanke wannan hukunci a cikinta, wadda ake kira Carter da Boehm, ta shafi wata ganuwar Ingilishi ce a tsibirin Sumatra, wadda aka yi wa inshora a Landan, daga baya Faransawa suka ci ta da yaƙi. Kun ga ke nan tun asali nisa shi ne tushen rigimar. Ku kuma riƙe wannan, don za mu komo kansa: alƙalin ya ce wannan amana ta hau kan ɓangarorin biyu ne, da mai saye da mai sayarwa.

To, me ya sa mazambata suka fi son su mutu a ƙasar waje? Dalilin shi ne, a gida mutuwa tana da shaidu da yawa. Akwai likita, akwai maƙwabta, akwai liman ko fada, akwai masu haƙa kabari. A waje kuwa, abin da ke isa teburin akawun kamfani ba ya wuce takarda guda, da harshen da bai iya ba, da sa hannun mutumin da bai taɓa jin sunansa ba. Ga kuma rashin rajista. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa cikin kowane mutum goma da suka mutu a duniya, kimanin huɗu ba a rubuta mutuwarsu a ko'ina ba. A ƙasashen Turai kusan kowace mutuwa ana rubuta ta, a yankin Afirka kuwa kimanin ɗaya ce kaɗai cikin goma. Inda littafin rajista ya ke da shafuna fayau, sauƙi ne a cusa sunan mai rai a ciki. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Elizabeth Greenwood, ta gwada wannan da kanta: ta tafi ƙasar Filifin ta samo takardar shaidar mutuwarta, alhali tana nan da ranta, ta ba da labarin cikin littafinta na 2016.

Har ila yau, akwai wani abu da ya kamata ma'aikaci ya sani game da hatimi. Yarjejeniyar Hague ta 1961 ta shimfiɗa hanyar da ƙasashen da suka shiga cikinta za su tabbatar wa juna ingancin takardun hukuma. Amma abin da wannan tabbaci ke cewa shi ne, lalle wannan sa hannu na wane ne, kuma lalle wane yana riƙe da wannan muƙami. Ba ya cewa abin da wane ya rubuta gaskiya ne. Haka nan ofisoshin jakadancin Amurka, idan ɗan ƙasarsu ya rasu a waje, suna ba da tasu takardar, amma galibi a kan shaidar mutuwa ta ƙasar da abin ya faru suke gina ta. Watau idan akawu na farko ya karɓi ƙarya, ko don sakaci ko don abin goro, sai kowane ofis na gaba ya ƙara mata hatimi, ta yi ta ƙara kwarjini har ta isa inda za a biya kuɗi.

Ga misali. A shekarar 2010 wani mutum mazaunin jihar Minnesota ta Amurka ya sayi inshorar rai ta dala miliyan 2. Cikin watan Oktoba na 2011 sai aka tsinci wata gawa a gefen hanya a wani ƙauye na ƙasar Moldova, a Turai ta Gabas, da fasfonsa a jikinta. Tsohuwar matarsa, wadda ita ce aka rubuta za ta karɓi kuɗin, ta taso daga Amurka ta duba gawar ta ce shi ne. Hukuma ta ba da shaidar mutuwa. Aka ƙone gawar, aka kai tokar Minneapolis aka yi zaman makoki, a 2012 kamfani ya biya. Ku lura, takardar nan ba jabu ba ce. Ofishin gaske ne ya ba da ita, gawa kuma akwai ta, sai dai ta wani bawan Allah ce dabam. Asiri bai fara tonuwa ba sai a 2013, da wani ya tsegunta wa hukuma. A ƙarshen shekarar aka tare ɗan mutumin a Detroit yana dawowa daga Moldova, aka sami hotunan uban a cikin kwamfutarsa, waɗanda aka ɗauka bayan an ce ya mutu. A 2018 aka kama shi aka komo da shi Amurka, a 2019 aka ɗaure shi wata 41.

Abin da ke kayar da masu irin wannan dabara kusan kullum guda ne: mai rai ba ya iya zaman matacce. Yana bukatar kuɗi, yana kewar iyalinsa, yana ɗaukar hoto. John Stonehouse, ɗan Majalisar Ingila kuma tsohon minista, ya ajiye tufafinsa a bakin teku a Miami ranar 20 ga Nuwamba, 1974, don a zaci ruwa ya ci shi, bayan ya sayi inshorar rai. Ya tsere zuwa Ostareliya da fasfo mai sunan wani mamaci. A birnin Melbourne ma'aikatan banki suka lura mutum guda yana jujjuya kuɗi da sunaye biyu, suka sanar da 'yan sanda. Ranar 24 ga Disamba aka kama shi, mutuwar tasa ko sati biyar ba ta cika ba. A 1976 aka yanke masa shekara bakwai. Shi kuma John Darwin, wanda ya ɓace cikin ƙaramin kwalekwale a gaɓar arewa maso gabashin Ingila a watan Maris na 2002, ya fi shi daɗewa. Ya ɓoye a ɗakin da ke manne da gidansa, matarsa ta karɓi kuɗin inshora da na fansho, 'ya'yansu biyu suna ta makokin uban da ke da rai. Da ya bayyana a ofishin 'yan sanda a Landan a watan Disamba na 2007, yana cewa ya manta da kome, sai ga wani hoto a intanet wanda aka ɗauke su shi da matar a ƙasar Panama a 2006. A 2008 aka ɗaure kowannensu fiye da shekara shida. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu sai mu duba yadda mai bincike ke aikinsa. Aikin nasa ya yi kama da na mai bin sawu idan an sace shanu. Ba ya tsayawa a kan takardar da aka miƙo masa, sai ya bi ta da baya har zuwa inda ta fito.

Yakan fara daga ofis, da tambayoyi masu sauƙi. Yaushe aka sayi inshorar, kuma yaushe aka mutu? A Amurka, alal misali, idan mutum ya rasu cikin shekara biyu na farko, kamfani yana da ikon sake tantance duk abin da ya faɗa lokacin saye. Kuɗin da aka yi alkawari ya dace da abin da mamacin ke samu, ko kuwa ƙaramin akawu ne ya sayi inshorar attajiri? Akwai bashi a kansa, ko wata shari'a da ke jiransa? Ya sayi inshora a kamfanoni da dama cikin 'yan watanni? Saboda wannan tambaya ta ƙarshe ne kamfanoni suke musayar labari tsakaninsu. A Ingila sun kafa hukumar haɗin gwiwa ta yaƙi da zambar inshora a 2006, a 2012 kuma 'yan sandan tsakiyar birnin Landan suka buɗe sashe na musamman don wannan aiki.

Daga nan sai a aika mutum ya taka ƙafa zuwa wurin. Ya je ofishin rajista ya nemi a buɗe masa littafi. Lambar takardar tana nan a jere da 'yan'uwanta, ko kuwa an cusa ta ne a ƙarshen shafi da wani tawada dabam? Wane ne ya kawo rahoton mutuwar, kuma bayan kwana nawa? Idan mai kawo rahoto shi ne mai jiran kuɗi, kuma babu wani shaida sai shi, to da sauran aiki. Ya wuce asibiti ya duba littafin kwantar da marasa lafiya da na ɗakin ajiye gawa. Ya nemi likitan da ya sa hannu, ya tabbatar akwai shi, kuma yana bakin aiki a ranar. Idan an ce hatsarin mota ne, ya tambayi 'yan sanda, ya nemi ganin motar. Ya je maƙabarta ya gana da masu haƙa kabari, ya zauna da maƙwabta ya ji ko an yi zaman makoki. Ƙarya takan iya sayen akawu guda, amma da wuya ta sayi unguwa. A zamanin nan kuma an ƙara da zanen yatsa, da gwajin ƙwayoyin gado idan akwai gawa, da duba ko wayar mamacin da asusunsa na banki sun ci gaba da motsi bayan rasuwarsa.

Mu koma kan kashi na biyu, watau jiyyar ƙarya. A nan ba lalle ne matafiyi ya zama shi ne mazambacin ba, wani lokaci ma shi ake zambata. Misali mafi fitowa fili shi ne na ƙasar Nepal. Duk shekara dubban baƙi suna zuwa hawan duwatsun Himalaya. Idan mutum ya haura kimanin mita 2,500, ƙarancin iska kan jawo masa ciwon kai da jiri da amai. Idan abin bai yi tsanani ba, maganinsa hutu ne ko a sauko ƙasa kaɗan. Idan ya yi tsanani yana iya kisa, dole a ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu, kuma inshorar tafiya ce ke biyan dubban daloli na jirgin. A nan ɓaraka ta shigo. A shekarar 2018 binciken kamfanin dillancin labarai na Faransa, da na wani kwamiti da gwamnatin Nepal ta kafa, sun bayyana yadda waɗansu 'yan jagora ke tsorata baƙo da zarar ya yi ƙorafin ciwon kai, su matsa masa ya yarda a kira jirgi. Jirgi guda ya kwaso mutum uku ko huɗu, amma a aika wa kamfanin kowannensu takardar biyan cikakken kuɗin jirgi. A sauke su a wani asibiti a Katmandu, a yi ta yi musu gwaje-gwajen da ba su bukata, sa'an nan asibiti da mai jirgi su ba wanda ya kawo ciniki la'adarsa. Har an yi zargin ana zuba wa baƙi hodar da ake sa wa kek don ya tashi cikin abinci, don cikinsu ya ɓaci. Da abin ya yi yawa, kamfanonin inshora na waje suka yi barazanar daina karɓar masu zuwa Nepal ɗungum.

Mai binciken irin wannan da'awa yana gwama takarda da takarda ne. Ya duba tambarin shiga da fita a fasfo, ya ga ko mutumin yana ƙasar a ranar da aka ce an kwantar da shi. Ya nemi littafin tashin jirgi da jerin sunayen fasinja. Ya gwama rasit da takardar likita: wanda aka ce yana kwance rai a hannun Allah, yaya aka yi ya hau jirgin komawa gida kashegari? Idan zai buga wa asibiti waya, ba ya amfani da lambar da ke kan rasit, sai ya nemo ta ta wata hanya, don sau da yawa mai amsa waccan lambar shi ne ya buga rasit ɗin. Ya kuma jera da'awoyi da yawa a gabansa, don abin da ba ya ganuwa a takarda guda yakan fito idan an ga rubutun hannu ɗaya, da ciwo ɗaya, da kuɗi ɗaya, a takardun mutum hamsin da ba su san juna ba.

To, jama'a, wa ke biyan wannan asara? Mutane da yawa suna ganin kamfani ne, kamfani kuwa mai kuɗi ne, saboda haka cin kuɗinsa ba sata ba ce. Amma mun riga mun ce kuɗin na 'yan adashi ne. Duk abin da mazambaci ya ɗiba, ana ƙara shi ne a kan zubin sauran. Akwai kuma asarar da ta fi wannan zafi. Idan ƙasa ta yi ƙaurin suna wajen takardun ƙarya, to kowace takarda da ta fito daga cikinta sai a dube ta da idon zargi. Ku ɗauka wani ma'aikaci ɗan ƙasar nan, mazaunin Ingila, ya zo gida ganin iyaye, ajali ya riske shi a ƙauyensu. Bisa ga addininmu, da safe ya cika, kafin la'asar an rufe shi. Babu likita, babu binciken gawa, ba a kuma je ofishin rajista ba sai bayan an share makoki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana cikin jerin alamun da aka koya wa akawun kamfani ya yi hattara da su. Matarsa tana can da marayu, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, sai a bar ta tana jira wata da watanni. Ba ta yi laifin kome ba, wake ɗaya ne ya ɓata gari.

A nan ne za mu tuna da maganar alƙalin nan, cewa amanar ta hau kan ɓangarorin biyu. Alama ba hujja ba ce. Mai binciken da bai san cewa Musulmi ba sa kwana da gawa ba, ko bai san cewa Hindu ƙone mamatansu suke yi ba, zai mai da al'ada laifi. Kamfanin da ya fake da bincike don ya ja lokaci har mai haƙƙi ya gaji ya bari, shi ma ya ci amana. Nagartaccen bincike yana da amfani biyu: ya kama maƙaryaci, ya kuma wanke mai gaskiya da sauri. Mai bincike na ƙwarai, idan ya je ƙauyen nan, ya ga kabari, ya ji daga bakin liman da mai unguwa da waɗanda suka yi wankan gawa, sai ya rubuta cewa a biya, ba tare da ɓata lokaci ba.

Saura me ya rage gare mu? Ga masu shirin tafiya: takardar inshorar lafiya da ake nema kafin a ba da bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen, wadda dole ta kai ta yuro 30,000, kada ku saye ta a hannun ɗan kamasho a bakin ofishin jakadanci don kawai a cika sharaɗi. Ranar da aka kwantar da mutum a Jamus ko Faransa, sa'an nan zai san bambancin ta gaske da jabu. Ku faɗi gaskiya game da ciwon da kuke da shi tun da can. Idan rashin lafiya ta same ku a waje, ku sanar da kamfanin tun da wuri, ku adana kowane rasit, kada kuma ku sa hannu a takardar da ba a cika ba.

Ga iyalai: a ƙasar nan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce doka ta 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Mun saba da neman takardar haihuwa saboda makaranta, amma ta mutuwa ba ma tuna ta sai kuɗi ya taso. Ma'aikata su sani cewa dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Magada ba sa samun wannan haƙƙi sai da shaidar mutuwa. Yin rajista cikin lokaci gata ne ga marayu.

Ga ku kuma da za ku zauna a bayan tebur. Wata rana wani zai shigo ofishinku, mai yiwuwa ɗan'uwa ne ko abokin karatu, ya ce a taimaka a mai da kwanan wata baya, ko a rubuta cewa an kwantar da wane kwana biyar, ko a sa hannu a kan gawar da ba ku gani ba. Zai ce ai kamfanin Turawa ne, ba wanda zai cutu. Ku tuna da matar nan da ke jira da marayunta. Darajar takardarta a idon duniya tana rataye ne da abin da kuka yi da hatiminku a wannan rana. Kada likita ya shaidi abin da bai duba ba. Kada akawu ya bar gurbi a littafin rajista. Idan kuma wasiƙa ta zo daga waje ana neman ku tabbatar da wata takarda, ku amsa ta da wuri, domin shirunku ma yana tsare haƙƙin wani.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kai matafiyanmu lafiya ya komo da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.